Mu da Muke Sayen Data a Garwa, Laifin Me Muka Yi?

Jiya na fito daga ofishin kamfanin layina zuciyata tana tafarfasa, har na kwana ba ta huce ba. Shekara 23 ina dillancin albasa a nan Garwa ta Kamaru, na ga halin mutane iri-iri, amma ban taɓa shan wulaƙancin da yarinyar nan ma'aikaciyarsu ta yi mini ba, yarinyar da na haifi sa'arta.

Sana'ata yanzu a waya take. Mai saye yana Duwala, ba zai turo kuɗi ba sai ya ga bidiyon buhu a buɗe. Makon jiya bidiyo na daƙiƙa 40 ya tsaya yana juyi a WhatsApp tun la'asar har bayan isha'i. Kafin ya tafi, mutumin ya saya a hannun wani. Albasa kuwa ba ta jiran kowa a zafin Garwa.

Ɗana ne ya sa mini manhajar Speedtest mai auna saurin intanet, ya nuna mini lambar saukewa da ta turawa. Na sayi littafi, kwana 7 ina gwadawa sau uku a rana ina rubutawa. Bayan asuba saukewa takan kai mega 14. Da azahar ta dawo 3. Bayan magariba ko 1 ba ta cikawa, turawar ma allurar ba ta motsi, alhali alamar 4G tana nan zaune a saman wayar. Babu dabarar da ban yi ba. Na kashe na kunna, na ɗaure wayar a kan 4G kaɗai, na cire layin na sa a wayar ɗana, na hau bene na ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Duk kanwar ja ce.

Da wannan littafin na je. Na bi layi sama da awa guda. Da na iso gaban teburin na yi sallama, ba ta amsa ba, idonta yana kan wayarta. Na ce, "'Yata, jaka 10 nake zubawa duk wata, ga abin da nake samu." Na buɗe littafin na tura gabanta. Ko kallonsa ba ta yi ba, da bayan biro ta turo mini shi. Ta ce, "Tsoho, wayarka ce ta gaji, ka sayi sabuwa." Ba Baba ba, ba Alhaji ba, tsoho. Na danne zuciyata na ce, "Wayar nan watanta biyar. In ita ce ta gaji, me ya sa take gudu da asuba? Gajiyar da magariba take zuwa mata?" Ta yi tsaki. Na ce, "To ki gwada da taki yanzu, mu gani tare." Sai ta juya ta yi wa ta kusa da ita wata magana da Faransanci, suka kwashe da dariya. Tana zaton rawani da gemu sun hana ni jin Faransanci. Na ji sarai, cewa ta yi mai albasa ya zo koya musu aiki. Ta ɗaga murya ta kira na bayana, ni ina tsaye littafina a hannu, jama'a suna kallo.

Ba sai na yi karatun injiniya ba kafin in gane abin da littafina ya nuna. Eriya ɗaya ce ke ɗauke da unguwa guda, kowa ya dawo gida da dare ya hau, sai rezo ya shaƙe. Sun sayar da layi ya fi ƙarfin kayan aikinsu, sun ƙi ƙarawa. In wuta ta ɗauke kuma, ɗan abin da ya rage ya bi ta. Data kuwa ranar ƙarewarta ba ta ɗaga ƙafa, ka ci ko ba ka ci ba.

Amma yarinyar nan ta samu daurin gindi ne, domin ta san babu inda ƙarata za ta je. Ina hukuma? Tun ƙarshen 2015 ake mana shelar 4G a Kamaru. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun sauka a Duwala da Limbe da Kribi, har da wadda ta haɗa mu da Brazil a 2018. Wane amfani ya iso hannun mai sana'a a unguwar Yelwa? A 2023 mutane suka gaji, suka riƙa sa wayoyinsu a yanayin jirgin sama da tsakar rana don nuna fushi. Aka ci tarar kamfanoni huɗu sefa biliyan 6. Kuɗin ba mu aka mayar wa ba, kuma lambobin littafina ba su nuna an gyara komai ba. Wutar ma haka, arewa ta fi rataya a madatsar Lagdo, ruwa ya ja baya mu kwana a duhu. Mu da Marwa da Ngaundere, ashe lokacin zaɓe da lokacin haraji kaɗai ake tuna muna cikin ƙasar nan?

Mu ma da namu laifin. Mutum nawa ne a layin nan jiya, kowa da irin ciwona, amma ba wanda ya buɗe baki. Wani ma cewa ya yi, "Alhaji, ka yi haƙuri ka matsa, muna sauri." Haƙurin nan shi ya kai mu inda muke.

Yau buhu 60 ke jibge a rumfa. Ƙarfe huɗu na dare na tashi na tura bidiyonsu, kafin unguwa ta farka.