Na ga tagullar Benin a Landan, ban taɓa shiga Gidan Makama ba

Shekara shida ina zaune a Landan kafin na taka British Museum, babban gidan tarihin Birtaniya, kuma ba don raɗin kaina na je ba. Malamar su ɗiyata ce ta nemi iyayen da za su raka 'yan aji, uwargida ta ba da sunana ba ko shawara. Haka na tsinci kaina a unguwar Bloomsbury da sanyin safiya, ina ƙirga kawunan yaran mutane.

Ba a biyan ko sisi a ƙofa. Tun 1759 aka buɗe gidan, kuma kayan da ke hannunsu sun kai miliyan 8, ko da yake kaɗan ne ake fitarwa. Wajen Dutsen Rosetta muka fara zuwa, wanda sojojin Faransa suka tsinta a Masar a 1799, wanda kuma da shi wani masani Bafaranshe, Champollion, ya gano karatun rubutun Fir'aunoni a 1822. Cinkoson wurin sai ka ce Kantin Kwari ana jajiberin salla. Ƙeyoyin mutane da wayoyinsu na fi gani.

Sashen Afirka yana ƙasa, sai an sauka matakala, ɗaki na 25. A nan na daɗe. An jera allunan tagullar Benin, ta jihar Edo a Nijeriya, a jikin sandunan ƙarfe: ga Oba, wato sarkinsu, da murjani har haɓa, ga fadawa riƙe da garkuwa, ga Turawan Fotugal da dogon gashi. Da na matsa kusa sai na ga ƙananan huji a gefen allunan, inda aka kafa su da ƙusa a ginshiƙan fada. Sojojin Birtaniya ne suka kwaso su a 1897 bayan sun ci birnin da yaƙi, kuma kusan 900 daga kayan suna wannan gida.

Ra'ayina a kan wannan ba ya da kwana-kwana: kayan ganima ne, a mayar wa masu shi. Jamus ta fara mayar da nata a 2022. Su kuwa nan suna fakewa da wata dokar 1963 da ta hana su rabuwa da abin da ke rumbunsu. Tsohuwar hujjar cewa a hannunsu kayan suka fi tsira ta sha ƙasa a 2023, lokacin da gidan ya amsa da bakinsa cewa kusan kaya 2,000 sun ɓace ko an lalata su, har shugabansa ya ajiye aiki. Ga kuma maganar biza. Ɗiyata da ƙawayenta bas ɗaya ta kawo su, amma jikan wanda ya ƙera allon sai ya yi layi a ofishin jakadanci, wataƙila ma a hana shi.

Sai dai laifi tudu ne. Ina cikin wannan hucin na waiga, na ga yaran sun baje a ƙasa, kowa da takarda da fensir yana zana allon da ya zaɓa. Wata 'yar shekara takwas ta tambayi malama me ya sa ƙafafun sarkin suka zama kifi, malamar ta durƙusa tana yi mata bayani. Kunya ta rufe ni. A cikin birnin Kano aka haife ni. Sau nawa na wuce Gidan Makama, gidan tarihin Kano, a kan babur, ginin da asalinsa ya koma zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ga shi nan daf da fada? Ban taɓa leƙawa ba, kuma ban tuna wani babba a gidanmu ya taɓa cewa mu je ba. Mu gidan zu muka sani, ranar yawon salla. Da na ba Hajiyarmu labari a waya cewa ta yi, "Yanzu gumaka ka ɓata yini kana kallo?"

Kuma ba rashin abin nunawa ne ya hana mu ba. A 1987 wani Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwalen da aka auna shekarunsa sun kai 8,000. Ya girmi dalar Giza da fiye da shekara 3,000. Wannan babu Baturen da ya ɗauke shi, yana Damaturu. Kawunan yumɓu na Nok, aikin mutanen dā na tsakiyar Nijeriya, suna gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe tun 1952. Duk a nan Ingila na san waɗannan, da furfura a gemuna.

Daren nan na kira ƙanwata da ke aure a Gwale, na ce ran Asabar ta kai yaranta Gidan Makama, kuɗin Keke Napep a wuyana. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "To Yaya, me ake sayarwa a can?"