Kuɗin kyauta yana sa marasa aiki lalaci? Abin da aka gani a Finland

Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan gwamnati ta riƙa bai wa marasa aikin yi kuɗi duk wata ba tare da sharaɗi ba, za su miƙe ƙafa su daina neman na kansu. Ƙasar Finland ta gwada hakan, kuma sakamakon bai goyi bayan wannan zato ba.

Daga Janairun 2017 zuwa Disambar 2018, hukumar jin daɗin jama'a ta ƙasar, Kela, ta zaɓi marasa aiki 2,000 masu shekara 25 zuwa 58 ta hanyar ƙuri'ar canki-canka, tana biyan kowannensu Yuro 560 a wata. Kuɗin kusan daidai yake da alawus ɗin da suke karɓa a dā. Bambancin shi ne ba a yanke shi ko da mutum ya samu aiki. Nan gizo ke saƙar, domin a tsohon tsari ƙaramin aiki kan sa a rage maka alawus, sai ka ga zama ya fi maka riba.

Rahoton ƙarshe da ya fito a Mayun 2020 ya nuna masu karɓar kuɗin sun yi aiki kwana 6 fiye da takwarorinsu marasa aiki da ba a saka cikin gwajin ba a cikin shekara guda. Ƙari ne kaɗan, ba abin a kaɗa ganga ba. Inda bambanci ya fito fili shi ne kwanciyar hankali: sun ce damuwarsu ta ragu, kuma sun fi amincewa da mutane da hukumomi. Sai dai waɗanda suka amsa tambayoyin binciken ba su kai rabi ba.