Ɗigon da ke jikin ganye

Jiya da yamma na tsinko wani ganye mai ƙananan ɗigo ruwan ƙasa, na ɗauka cuta ce ta gama da shi. Ashe sau da yawa wannan ɗigon tabon yaƙi ne, wurin da ganyen ya tare cutar ya hana ta wucewa. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

Ku ji ikon Allah. Da zarar ƙwayar cuta ta taɓa tsiro, cikin 'yan mintoci ƙwayoyin halittarsa sukan juya iskar oksijin ta koma abu mai ƙuna, har ta zama haidurojin feroksaid, ruwan nan da ke kumfa in an zuba shi a rauni. Da shi suke ƙona maharin, su ƙara wa bangonsu tauri, su kuma sanar da na kusa cewa ɓarawo ya shigo. In abin ya ci tura, waɗanda ke bakin wurin sai su mutu, cutar ta rasa abin ci ta tsaya nan. Wani masani ɗan Japan mai suna Doke ne ya fara bayyana wannan a 1983, a jikin dankalin turawa.

Mintoci fa, 'yan'uwa! Ni kuwa akwai wani zaure a wayata da ba a komai cikinsa sai cin naman mutane. Tun ranar farko zuciyata ta ƙi shi, amma na ce bari in ga gobe, kada a ce na cika tsanani. Yau har dariya nake sa musu.

Kai ma ka san naka. Lambar nan da ka kasa gogewa. Abin da kake kallo in dare ya tsala. Asubar da ta kuɓuce sau ɗaya ka ji zafi, ta kuɓuce sau goma ba ka ji komai ba. 'Yar'uwa, hassadar nan da kika bari ta kwana, yanzu ta yi saiwa ko ba ta yi ba?

Mun san hadisin baƙin ɗigon da zunubi ke bari a zuciya. Na ganye yana tsayawa inda yake, don an yarda an rasa wani abu tun da wuri. Namu yaɗuwa yake yi, don muna jin ciwon rabuwa da aboki ɗaya, da daɗi ɗaya.

Don Allah kada ka kai gobe. Ni na fita daga zauren ɗazu. Ka tashi ka yanke naka yanzu, don Allah. Ya Allah Ka dawo mana da zuciyar da ke jin zafin saɓo.