Riyal 200 na biya, aka haɗa ni da baƙin allo

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Ana saura kwana goma azumi, daidai lokacin da masu kawo 'yan Umara ke ta turo mini aikin fosta da gajerun bidiyo, na ɗauki kwamfutata tun daga Shari' Mansur a Makka na kai wani shago a Jidda, a sa mini sabon katin hoto, wato na'urar da ke fitar da hoto a allo, a daidaita direbansa, manhajar da ke sarrafa katin. Tun a bakin ƙofa na ce wa mai shagon Linux ce a kai, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ba Windows ba, in bai iya ba ya faɗa mini. Ya dafa ƙirji: "Ma fi mushkila, ya Hajj." Riyal 200 kuɗin aiki kawai, ban da kuɗin kati.

Kwana huɗu tana lafiya lau. Ran na biyar na sabunta manhajoji kamar yadda na saba, na kashe na kunna. Allo baƙi ƙirin, sai wani ɗan layi fari yana ƙyafta mini ido a kusurwa, fanka kuwa sai ƙugi take kamar injin markaɗe. Na kira mai shagon, ya ce bukra, wato gobe. Washegari, bukra inshallah. Da na ishe shi sai ya ce ai halin Linux ke nan, in kawo ya yi fomat ya zuba mini Windows, in ƙara wani kuɗin. Fomat! Aikin shekara uku ne a ciki, shi kuma maganin ciwon kai a wurinsa a sare kan.

Ɗan yayata da ke karatu a jami'ar Ummul Ƙura ne ya zo bayan Magariba ya ce, "Kawu, ɗan matsa mini." Ya danna Ctrl da Alt da F3, sai ga wurin rubutu ya fito. Ashe kwamfutar da ranta, hoto ne kawai babu. A nan asirin mutumina ya tonu. Direban katin hoto akwai ɓangarensa da sai an ɗinka shi daidai jikin kanel, wato zuciyar Linux, kamar riga da mai ita. Kanel ya canza, riga ta ƙi shiga. Akwai DKMS da aka yi musamman don ya sake wannan ɗinki duk sanda aka sabunta, bai sa ba. Wani fayil ya sauke daga intanet ya cusa da hannu, alhali direban na zaune a rumbun manhajojin tsarin. Secure Boot kuma, tsaron da ke hana manhajar da ba ta da hatimin amincewa tashi, ya kashe shi ko uffan bai ce mini ba, don kada ya sha wahalar buga wa direban hatimin.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne fayil ɗin xorg.conf da muka tarar ya kwafo daga kwamfutar wani, har da sunan allon da ban taɓa mallaka ba. Wannan fayil na X11 ne, tsarin nuna hoto da ya fito tun 1987. Ni kuwa allon aikina a kan sabon tsarin Wayland yake tafiya, wanda aka fara a 2008, kuma ko kallon fayil ɗin ba ya yi. Mutum ya rubuta wasiƙa ya kai gidan da mai shi ya tashi, ya karɓi kuɗin aike. Bai ma duba wanne ke aiki ba.

Yaron ya tayar da ita da tsohon kanel daga GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa in an kunna kwamfuta, ya tsige abin da aka cusa, ya sa direban rumbu tare da DKMS, ya kunna Secure Boot, muka shigar da makullin MOK, wanda ke sa Secure Boot ya amince da direban, a wani shuɗin allo da ya fito. Kafin a kira Isha hoto ya dawo tar. Ladansa faranti ɗaya na kabsa.

Amma fosta biyu sun riga sun tafi hannun wani, kuma ɗaya daga masu aikin ya daina ɗaga wayata. Na tura wa mai shagon hoton allon a WhatsApp, na ce ya dawo mini da kuɗina. Ya karanta. Amsar da ya turo: bukra.