Dala dubu 540 da yarinya ta bari a kan teburi

Jiya muna hira da wani abokina sai labarin 'yar wasan golf Choi Hye-jin ya faɗo. Ya ce wallahi zalunci aka yi mata. Na ce a'a. Muka yi ta ja har shayi ya huce, shi ya sa na ce bari in kawo maganar nan.

Ga yadda abin ya faru. A watan Yulin 2017 aka buga gasar US Women's Open a filin golf na Donald Trump da ke Bedminster, jihar New Jersey a Amurka. Cikin manyan 'yan wasan duniya akwai wannan yarinya 'yar Koriya ta Kudu, shekarunta 17, tana makarantar sakandare, ba ta shiga sahun masu buga wasa don kuɗi ba tukuna. A ranar ƙarshe, saura ramuka uku a tashi, kunnen doki take da 'yar ƙasarsu Park Sung-hyun. Sai ta zo rami na 16. Gajeren rami ne, amma akwai ruwa a gefensa. Ta ɗaga sanda, ta buga, ƙwallo ta karkata dama, tsulum cikin ruwa. Shi golf mai ƙarancin bugu ne ke cin wasa, ta bar ramin nan da ƙarin bugu biyu a kanta. Park ta ɗauki kofi, Choi ta zo ta biyu da tazarar bugu biyun nan cif. Da ta ci, da ta zama ta biyu a tarihi da ta yi hakan ba tana ƙwararriya ba, bayan Bafaranshiya Catherine Lacoste a 1967.

Kyautar ta biyu dala dubu 540 ce. Ko sisi ba ta taɓa ba, domin doka ta ce wanda ya shiga a matsayin mai wasan sha'awa ba ya karɓar kuɗin gasar. Waɗanda ke bayanta suka raba.

To ina zaluncin? Ta san dokar kafin ta ɗaura takalmi. Kuma da wannan rigar ta ɗaliba ƙungiyar ƙasarta ta raine ta, tana yawo da ita gasa-gasa, tana gogayya da manya ba tare da tunanin kuɗin jirgi ko na mai ɗaukar mata jakar sanduna ya hana ta barci ba. Ba a cin tuwo biyu da hannu ɗaya. A shekarar nan kaɗai, tana mai wasan sha'awa, sau biyu ta lashe gasar ƙwararrun matan Koriya, nan ma hannu rabbana ta koma gida. Da ta cika 18 a watan Agusta ta shiga sahun ƙwararru, kamfanin Lotte ya ɗauki nauyinta, daga 2018 zuwa 2020 kuma ita ce gwarzuwar shekara a Koriya sau uku a jere.

Abin da ya fi tsaya min a rai ma ba kuɗin ba ne, ruwan ne. A 1998, Koriya na cikin ƙuncin tattalin arziki, 'yar wasan ƙasar Pak Se-ri ta cire takalmi da safa ta shiga ruwa a wannan gasar dai, a jihar Wisconsin, ta bugo ƙwallonta daga gaɓa, daga bisani ta ɗauki kofin. Mutane suka ga farar ƙafa a ƙarƙashin ƙwaurin da rana ta ƙona, iyaye suka fara kai 'ya'ya mata filin golf. Wadda Pak ta kayar ran nan ma ɗaliba ce mai wasan sha'awa. A lokacin ko haifar Choi ba a yi ba, sai 1999.

Abokina dai bai sauka ba, ya ce ko rabin kuɗin ne a ba ta. Na tuna masa cewa bayan ƙwallonta ta nutse, yarinyar nan ta je rami na 18 ta rage bugu ɗaya daga abin da ta zubar, sannan ta fita tana murmushi.