Ɓarakar da kalmar sirri ba ta toshewa

A watan Yunin 2020 masu bincike na kamfanin JSOF da ke Isra'ila suka bankaɗo ɓaraka 19 a wata 'yar manhaja ta kamfanin Treck na Amurka, suka raɗa musu suna Ripple20. Aikin manhajar shi ne karɓar saƙo daga intanet da aika shi. Tun ƙarshen shekarun 1990 ake sayar da ita ga masu ƙera na'urori, har ta shiga firinta da na'urar ƙarin ruwa ta asibiti. Wasu kamfanonin ma ba su san tana cikin kayansu ba.

Mafi munin ɓarakar iri ɗaya ce. Manhaja takan keɓe wuri a ƙwaƙwalwar na'ura don saƙon da zai shigo, a ce mudu guda. Saƙo ya zo ya ce shi mudu ne, alhali ya fi haka. Idan ba a auna ba, rarar sai ta malala kan abin da ke maƙwabtaka, kuma a cikin rarar nan ɗan kutse yake cusa umarninsa. Harshen C, wanda da shi aka rubuta yawancin irin waɗannan manhajoji, ya bar wa marubuci awon, shi kuwa ɗan Adam ajizi ne. Microsoft ya bayyana a 2019 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar da yake toshewa duk shekara daga kurakuran sarrafa ƙwaƙwalwar na'ura irin wannan suke.

Shi ya sa nake ganin shawarar "ku sauya kalmar sirri" ɗora wa mai saye laifin da ba nasa ba ne. Saƙon yakan gama ɓarna tun kafin a tambayi kalmar. Wayar hannu tana samun gyara daga kamfani. Kyamarar tsaron da aka saya a kasuwa fa, wa zai turo mata?

Harsunan rubuta manhaja irin su Rust suna hana yawancin wannan kuskure, amma ba za su gyara na'urar da ta riga ta hau bango ba. Tarayyar Turai ta kafa dokar da daga Disambar 2027 za ta tilasta wa masu ƙera kaya su riƙa turo gyara. Kayan da suka gaza cika sharaɗin za su nemi wata kasuwa, kuma tamu a buɗe take. Hukumar NCC, da ke tantance kayan sadarwa kafin a sayar a Najeriya, ya kamata ta fara tambayar mai shigo da kaya shekara nawa kamfani zai yi yana gyara su.