Ba haibrid aka ɗaure ba, kashe kuɗi aka taƙaita

Malam marubuci, ka ce dokokin gasar tseren motoci ta Le Mans sun ɗaure wa motocin haibrid, masu haɗa inji da lantarki, hannu, ba a barin su nuna ƙarfinsu. A nan kam ban bi ka ba.

Ka tuna zamanin LMP1, ajin manyan motocin gasar a da. Porsche 919 tana tara wuta daga birki da kuma hayaƙin salansa, tana sakin ƙarfin lantarki har megajul 8 a zagaye guda. Mota ce ta kece raini, amma tsadar ta kori kowa. Audi ta fice ƙarshen 2016, Porsche ta bi ta a 2017, aka bar Toyota tana cin karenta ba babbaka. Wa zai kwana yana kallon wannan?

Shi ya sa aka kawo ajin Hypercar a 2021 don rage tsada, ajin da yanzu yake da motoci iri biyu, LMH da LMDh. Motar LMH ba ta wuce kilowat 200 na lantarki a ƙafafun gaba, kuma ba ta sakinsa sai ta kai wani gudu da aka ƙayyade. Ta LMDh kuwa kowa kayan haibrid iri ɗaya ake ba shi. Sai ga Ferrari ta dawo ta lashe 2023.

Ni tsohuwar Prius nake ja a nan Legas. A cunkoson gadar Third Mainland, duk taka birkin da na yi, ina ganin kibiyar da ke allon motar tana nuna wuta na komawa batir. Tun da aka cire tallafin mai, wannan kibiyar ce ke sanyaya min rai. Da ma masu gasar su sa dokar da za ta tilasta batir mai jure zafi, don nawa tun bara yake kuka, farashin kasuwar kayan mota ta Ladipo kuma sai addu'a.